Igiyar da Kawu Ya Kama a Bayan Agadas

Jama'a, wannan abu a kaina ya faru, ba a bakin wani na ji ba, kuma wallahi in na ƙara ko da kalma ɗaya Allah Yana gani. Shekarun baya ne, lokacin da hanyar arewa ke lafiya, mutum ya tashi daga Lome ya kai Agadas ba abin da zai dame shi sai jandarmomi da ramukan titi. A lokacin ina tuƙa wata tsohuwar kat-kat, irin motar nan mai shiga yashi, ta wani Buzu da muke kira Malam Agali. A nan Zongon Lome yake zaune yana sayar da kayan azurfa da na fata, amma sau biyu a shekara yakan haɗa mutum uku ko huɗu masu son ganin hamada, ya ɗauke su tun daga bakin teku har cikin rairayi, shi ne jagora ni ne direba. Tafiya uku na yi da shi lafiya lau. Ta huɗun ce zan ba ku labarinta.

Fasinjojinmu a wannan karon Turawa biyu ne, mata da miji, dattawa marasa hayaniya, sai na uku, wanda shi ne jarrabawata: Kawu Danladi, yayan mahaifiyata. Mutumin nan duk rayuwarsa a tashar jiragen ruwa ya yi aiki har ya yi ritaya, bai taɓa wuce Sokode ba, rana ɗaya kawai ya ce shi sai ya ga ƙasar da kakanninsa suka fito kafin ya mutu. Bai ma gaya mini ba, ta bayana ya je ya shirya da Malam Agali. Ranar tafiya mahaifiyata ta hau zemijan, wato babur ɗin haya, tun daga unguwar Agoe ta zo har bakin mota, ta riƙe mini hannu ta ce, "Yayana amana ne a wuyanka, yadda ka ɗauke shi haka za ka dawo mini da shi." To me zan ce? Na ce to, Inna.

Kai, jama'a! Tun ba mu fita gari ba na san na shiga uku. Da farko Kawu ya ce shi ba zai zauna a baya ba saboda gwiwarsa, ya ƙwace kujerar gaba wadda ta jagora ce, Malam Agali ya koma baya yana nuna mini hanya ta saman kafaɗata. Sannan mutumin da ko keke bai taɓa tuƙawa ba shi ne mai gaya mini lokacin canza giya. A Atakpame ya ce a tsaya zai ci tuwo, a Sokode ya ce yana da aboki tun na makarantar allo, gaisuwar minti biyar ta cinye mana rabin yini, Turawan nan suna zaune cikin mota suna fifita da taswira. A kan iyakar Malanbil kuwa, tsakanin Benin da Nijar, saura kaɗan a tsare mu, don Kawu ya tsaya yana gyara wa jami'i Faransanci. In na buɗe baki ya ce, "Kai, ni na yi maka huɗuba ranar da aka haife ka." Malam Agali kuma in mun sauka salla ya ja ni gefe ya ce, "Ka yi wa dattijon nan magana." In yi masa magana yaya? Kawuna ne fa. Haka na yi ta haɗiye abin tun daga Gaya, Dosso, Ƙonni, Tawa, har muka shiga Agadas raina a jagule, ko barcin kirki ba na yi.

A Agadas muka cika jarkokin ruwa guda shida, Malam Agali ya tara mu ya ce daga nan ruwa na sha ne kawai, alwala kuma taimama za a yi. Washegari da safe na kama Kawu a bayan mota yana wanke hularsa da ruwan. Hula, jama'a! Na ce, "Haba Kawu." Ya ce ai shi ba zai gana da ƙasar kakanninsa da hula mai datti ba.

Kwana na biyu cikin rairayi, da hantsi, muka hango wani tudun yashi ta hannun dama, dogo ne ƙwarai, ya fi duk waɗanda muka wuce. Kawu ya ce a karkata can. Malam Agali ya ce, "Ba ma bi ta can." Kawu ya ce saboda me, Malam Agali ya ce ba a bi kawai. Sai Kawu ya juya ga Turawan da Faransanci yana zuga su, wai hoton da za su ɗauka a can ba su taɓa ganin irinsa ba, jagoran ne kawai malalaci. Su ma suka fara roƙo. Kawu ya dube ni ya ce, "To yau zan ga wanda kake jin maganarsa, ni ko baƙo." Ba zan yi muku ƙarya ba, laifina ne. Na gaji, kaina ya yi zafi, na ce bari in kai shi ya gani ko na samu lafiya, na murɗa sitiyari. Ba mu yi tafiyar minti goma ba motar ta nutse har ciki.

Malam Agali ya sauka ya duba tayoyin. Muka fito da shebur da faranta na ƙarfe da ake sakawa ƙarƙashin taya, ni da shi da Baturen muka hau haƙa, rana ta take tsaka, yashi na ƙona gwiwa ta cikin wando. Kawu da ya jawo mana abin yana tsaye a inuwar mota yana cewa ba haka ake haƙa ba. Na sunkuyar da kai na yi kamar ban ji ba, har na daina jin muryarsa, na ce alhamdulillahi ya gaji.

Ina kwance rabin jikina ƙarƙashin mota sai na ji ƙarni. Ƙarnin ɗanyen kifi da ruwan gishiri, irin wanda duk ɗan Lome ya sani ko idonsa a rufe. Na ce ko gwangwanin kifi ne ya fashe a cikin kaya. Sai kuma na ji waƙa. Wallahi jama'a, waƙar masu jan koma ce, wato babbar ragar kamun kifi, irin ta masuntan bakin tekunmu, mutum ɗaya ya bayar sauran su amsa da nishi, da yaren Mina na mutanen Lome tsantsa, a wurin da in ka yi tafiyar kwana huɗu da mota ba ka kai teku ba. Na fito na ɗaga kai, na ga Malam Agali ya saki shebur, shi ma ya ji. Ya ce, "Ina kawunka?" Muka duba, babu Kawu, sai takalmansa biyu a ajiye a jere, da sawun ƙafarsa ya hau tudun.

Ku yarda da ni, a wannan lokacin ba tsoro na ji ba, haushi ne. Na hau tudun nan ina haki ina cewa yau kam ko Inna za ta tsine mini sai na gaya wa tsohon nan gaskiya. Ina kaiwa sama na leƙa ɗaya gefen.

A cikin kwarin da ke tsakanin tudun da na bayansa, mutane ne kamar goma a jere, kowa ɗaure da zane a ƙugu, ba riga, sun ba ni baya, sun riƙe wata igiya mai kaurin dantse. Igiyar jiƙe take sharkaf, ruwa na ɗiga daga jikinta, har da koren gansakuka, ta miƙe ta haura tudun gaba ta ɓace. Kawu na tsakiyarsu da kaftaninsa, ya kafa dugadugai ya kwanta baya yana amsa waƙar. Abin da ya fi tayar mini da hankali, su ba jawo igiyar suke yi ba. Ita ke jan su. Duk amshi ɗaya sai su zame gaba taku guda, dugadugansu na tsaga yashi, ga layin da suka bari a baya mai tsawo, kuma na gabansu ya kusa kaiwa gindin tudun gaban.

Na ƙwala masa kira, "Kawu!" Ko waiwaye. Sai ga Malam Agali ya iso bayana ɗauke da jarka guda a kafaɗa, ya damƙe mini wuyan riga ya ce, "Saurara. Kada ka taɓa igiyar, kada ka dubi fuskar kowa. Ka kama shi ta ƙugu kawai." Muka gangara. Ban san da wace ƙafa na taka ba, bakina dai yana ta Ayatul Kursiyyu, ina kaiwa rabi in manta in koma farko. Wurin sanyi ne da shi kamar bakin ruwa da asuba, alhali rana na kanmu. Na sunkuyar da kai, ƙafafunsu kawai nake gani, farare fat kamar na wanda ya daɗe cikin ruwa. Na rungumi Kawu ta baya, kaftaninsa jagab. Na ja, kamar ina jan bishiya, ni ma na fara zamewa tare da shi.

Ya ce, "Sake ni, kai yaron nan, ta kusa fitowa!"

Na ce, "Mece ce za ta fito, Kawu? Don girman Allah ka saki!"

Ya ce, "Hannun ya ƙi."

Nan ne na ji muryarsa ta koma ta mai tsoro. Malam Agali ya kwance bakin jarkar ya yi bismilla ya tuttula ruwan shanmu a kan hannuwan Kawu, gaba ɗaya, bai rage ko kurɓi ba. Yatsun suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, muka zube baya ni da shi. Muka kama shi hagu da dama muka hau tudun da shi muna jan ƙafa, ba wanda ya waiwaya. Waƙar ta ci gaba a bayanmu, muna kaiwa sama ta yanke cak a tsakiyar kalma.

Turawan suna nan inda muka bar su. Mijin ya ce shi iska kawai ya ji, matar kuma ta toshe hanci tana tambaya wa ya zo da kifi. Yadda muka fitar da motar nan ban iya tunawa, na dai san kafin la'asar mun koma kan hanya mun juya Agadas, don ruwan da ya rage ba zai kai mu gaba ba. Tafukan Kawu sun saɓule kamar an ƙona, kaftaninsa da ya bushe ya yi fari da gishiri, har na lasa don in tabbatar wa kaina.

Kuna tsammanin wani ya gode mini? Turawan suka fusata an yanke musu tafiya. A Agadas na tsare Malam Agali na ce ya gaya mini su wane ne masu riƙe da igiyar nan, ya ce, "Ni ban ga kowa ba. Na ce maka ba a bi ta can, ka bi." Muna dawowa Lome ya karɓi makullinsa, bai sake nemana ba. Inna ta ga hannuwan yayanta a naɗe da bandeji ta yi wata biyu tana amsa gaisuwata da ƙyar. Shi kuwa Kawu ya zagaye Zongo yana gaya wa mutane wai ni na kafe mota don ban iya tuƙi ba, shi ya ƙone hannunsa garin taimakon tura ta. Duk wanda na ba gaskiyar labarin sai ya ce rana ce ta buge ni. Na yi fushi, na ɗauke ƙafa daga gidansa kusan shekara.

Da ciwon ajalinsa ya kama shi Inna ta matsa mini na je dubiya, wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Yana kwance a tabarma ƙarƙashin mangwaron gidansa, ya sa aka ba mu wuri. Na ce, "Kawu, tsakaninka da Allah, me ya kai ka kama igiyar nan?" Ya dubi tafukansa, waɗanda har lokacin fatarsu ba ta koma daidai ba. Ya ce, "Ni ban je taimako ba. Da sunana suka kira ni, sunan yanka, wanda rabon da a kira ni da shi tun mahaifiyata na da rai. Da na isa na tarar an bar mini gurbi a jikin igiyar, daidai ni." Sannan ya ce, "Akwai wani gurbin a bayana, ba kowa. Da na ji ka rungume ni, na zaci wurinka ka zo kamawa."

Kwana tara bayan nan ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Har yau ban san abin da na gani ba, malamai biyu na tambaya kowa da abin da ya ce, ba wanda ya kwantar mini da hankali. Yanzu taksi nake ja cikin gari, kuma in fasinja ya ce mu bi titin bakin teku da safe, lokacin da masunta ke jan koma, sai in ce mota ba ta da lafiya ya nemi wata.

Shawarata gare ku, in tafiya ta kai ku ƙasar da ba ku sani ba kuma jagora ya ce ba a bi ta can, kada ku tsaya neman dalili, ko da wanda ke matsa muku babanku ne. In kuma kuka ji an kira sunanku a inda ba wanda ya san ku, ku riƙe addu'a ku tsaya kusa da mutanenku, kada ku je dubawa.