Ruwan Badrum da Kunyar Inna

Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa cin abinci a gaban maigidana ba. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi. In ya zo gaishe ta daga bayan labule take amsawa, in maganar ta wuce gaisuwa kuwa sai ta bi ta kaina: "Gaya masa an gode." Alhali ga shi nan tsugune yana jin komai. Daga wani ƙauye na ƙasar Katsina ta zo da ni nan Jidda ina goye, kuma kunyarta kaf ta kwaso, ba ta bar ko ƙyalle a gida ba. Shi kuwa haifaffen Jidda ne, inda suruki ke zama da uwar matarsa su sha shayi suna hira. Farkon aurenmu har tambayata ya yi ko wani laifi ya yi mata.

Sana'arsa gyaran famfo, sabbak in ji mutanen nan. Inna kuwa a unguwar Sa'alaba take, a badrum, wato ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani tsohon bene, sai ka sauka matakala kafin ka kai ƙofarta. Na yi juyin duniya ta dawo wurinmu, ta ce ita ba a haife ta don ta kwana gidan suruki ba. Ga ciwon suga, ga wani gyambo a yatsan ƙafarta da ya ƙi warkewa. Likita ya riga ya faɗa mana ƙiri-ƙiri: in ƙazanta ta shiga ciwon nan, ƙafar ce za ta tafi.

Ruwan Jidda ba kullum yake zuwa ba, amma in ya zo ba ya sallama. Wata rana aka yi shi da hantsi, bayan azahar na ɗauki kwanon tuwo na nufi wurinta. Tun daga matakala warin ya tare ni, ya haɗu da hayaƙin turaren wuta ya zama wani abu dabam. Na tura ƙofa, na tarar da ita a duƙe da bokiti da tsumma, baƙin ruwa ya rufe mata idon sawu, ƙafar nan mai ciwo an ɗaure ta da ledar burodi. Ruwan daga ramin makewayi yake ɓulɓulowa, ya malale ɗakin har ƙarƙashin gado.

"Inna! Tun yaushe ake haka?"

"Rage murya," ta ce. "Ba yau aka fara ba. Yana sauka da kansa."

Na janye ta na zaunar a kan gado, na kwance ledar, ashe ruwa ya daɗe da shiga. A kan firji kuma ga abincin da na kawo shekaranjiya, ko taɓa shi ba a yi ba. Nan ta gaya mini, tana kallon bango, wai ta rage ci da sha ne don kada ta riƙa yawan zagayawa, tunda ita ce ta toshe ramin. Mai ciwon suga fa! Raina ya ɓaci, tausayi kuma ya kama ni, na rasa wanda zan fara da shi. Na ce yanzun nan zan kira baban yara.

"Kul! Ki kira wa? Ya zo ya sa hannu a cikin... Allah ya kiyashe ni ganin wannan rana. Gara a fitar da gawata."

"To ai ƙafarki za a fitar tukuna," na ce. "Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, Inna."

Ta galla mini harara, don karin maganar ya zo daidai wurin da ba ta so. Kiran wani sabbak ɗin kuma ba ya cikin lissafi. Iƙamarta, takardar izinin zama, ta daɗe da mutuwa, baƙon ido ba ya sauka wannan matakala, mai benen kuma ya sha faɗa cewa wanda ɗakin bai yi masa ba ga hanya nan.

Ban saurare ta ba, na kira shi. Ya zo da kayan aiki, amma da na tare shi a waje na zayyana masa komai, sai ya ajiye jakar a saman matakala ya sauko hannu rabbana. Ya tsuguna a bakin ƙofa, ruwa na jiƙa masa bakin riga, labule a tsakaninsu. Ya gaishe ta kamar ba abin da ya faru, ta amsa can ƙasa-ƙasa. Sannan ya juyo gare ni, ya ɗauki salonta.

"Gaya wa Inna, wallahi wannan ruwa ba nata ba ne. Na titi ne, na hara, na unguwa gaba ɗaya. Babban bututu in ya cika da ruwan sama, baya yake komawa, ya nemi ramin da ya fi ƙasa. Ramin Inna ne ya fi ƙasa, halas, shi ke nan. Ko ba kowa a ɗakin sai ya hawo."

Daga bayan labulen ta ce, "Tambaye shi, har na mutanen bene?"

"Har na mai benen kansa," in ji shi.

Na ji wani ɗan sauti da ban tantance dariya ce ko kuka ba. Ya ci gaba da bayani, ni ina tsaye a tsakiya kamar tafinta. Akwai wani abu da ake kira raddad, ɗan akwati ne mai murfi a ciki. Ruwan ɗaki in zai fita sai ya ture murfin ya wuce, na titi in ya taso sai ya danne shi ya rufe wa kansa hanya. A waje zai sa shi, nan gindin matakala, a kan bututun ɗakinta kaɗai, don in ya sa a babban layin gidan, ruwan mutanen sama ne zai rasa mafita ya sauko mata. Ba zai ko leƙa makewayin ba. Ta gindaya sharaɗi: ba za ta kasance a gidan ba, kuma kada wanda ya sake tayar da zancen har abada.

Washegari na kai ta unguwar Nuzla wurin wata ƙawarta. Ya fasa siminti, ya yanke bututu, ya zaunar da raddad ɗin, ni ina ciki ina kwara ruwa a rami yana duba ko murfin na motsi. Ya ce in koya mata, in ana ruwan sama kada ta zubar da ko na alwala, tunda hanyar a rufe take. Buɗewa da wankewa lokaci-lokaci kuwa aikinsa ne, a ranakun da take Nuzla. Da aka sake yin ruwa ina wurinta. Muka ji murfin ya yi ƙas a waje, muka zuba wa ramin ido, ko ɗigo bai hawo ba. Ta cinye tuwonta tas ranar, har da neman ƙari.

Sai dai ciwon ya riga ya sha abin da ya sha. Ba a jima ba yatsan ya yi baƙi, zazzaɓi ya kwantar da ita, ƙafar ta kumbura ta kasa takawa. Dole asibiti, ga matakala, ni kuma ba zan iya ɗaukarta ba. Tsoro ya kama ni sosai. Maigidana ya shigo har cikin ɗakin, karo na farko a rayuwarsa, ya juya mata baya ya durƙusa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta ja mayafi ta rufe fuska ruf, na ɗora ta. A tsakiyar matakala na ji ta ce masa, shi da kansa, ba ta kaina ba, "Sannu, ɗan nan." Na ga kunnuwansa sun yi ja.

Yatsu biyu aka cire. Likita ya ce da mun ƙara jinkiri da daga gwiwa za a yanke, ni kuwa na fita baranda na yi kukana na ƙoshi. Ranar da aka sallame ta, mota ta sauke mu a ƙofar benen, maigidana ya yi sauri ya sha gabanta a bakin matakala, ya sake durƙusawa. Inna ta tsaya, ta gyara mayafi, ta dafa bango, ta kalle ni.

"Gaya masa ya tashi," ta ce. "Ina da ƙafa."