Baba da Baje Kolin da Aka Raba Shi da Shi

Ina cikin aji ƙanena Nura ya kira ni. Ko sallama bai yi ba. "Yaya, Baba ya cika." Na yi salati, na sallami ɗalibai, na tari adaidaita zuwa Fagge. Ban yi kuka a hanya ba. Gajiya ce ta riga hawaye zuwa, har yau kuma ba ta sake ni ba.

Mahaifinmu, Malam Sabo, ɗan gidan malamai ne. Kakanmu ya so ya gaje shi a karatu, shi kuwa ya tsallaka Sabon Gari ya zauna gaban wani Ibo mai gyaran rediyo. Daga rediyo ya koma lasifikar masallaci, daga nan ya kama amfilifaya, akwatin nan da ke ɗaga muryar jita. Makaɗan coci da na biki duk shagonsa suke zuwa. Shi bai taɓa kaɗa jita ba. In an tsokane shi sai ya ce, "Mai ɗinkin sirdi ba lallai ya hau doki ba."

Shi ya fara baje kolin amfilifaya da ake yi duk shekara a harabar wata makaranta a Sabon Gari. Ƙa'idarsa guda ce: jita ɗaya za a zaga da ita, a jona wa akwatin kowa bi da bi, sauran duk su kashe nasu har layi ya zo kansu. Da haka akwatin da mai gyara ya harhaɗa a lungu yake samun kunnen mai saye daidai da wanda aka sauke daga jirgi. "Kunne mutum ya kawo kasuwa," in ji shi, "kada ku tura shi gida da ciwon kai."

Da abin ya yi suna, manyan dillalai suka kafa kwamiti. Suka naɗa shi uban ƙungiya, wato ya zauna ya yi shiru. Bara ya je, ya tarar kowa ya ƙure ƙarar nasa, masu manyan kaya sun danne ƙanana. Ko kujera ba a miƙa masa ba. Ya dawo ya zauna a zaure, tuwonsa ya huce a gabansa. Bai sake ambatar wurin ba.

Ba a yi sadakar uku ba shugaban kwamitin, Alhaji Bala, ya shigo gaida Umma.

"Hajiya, ya ƙarin haƙuri? Muna so baje kolin bana ya ci sunan Malam. A taimaka mana da hotonsa na fosta."

Na ce, "Alhaji, da ransa kujera ta gagare ku. Yanzu da ba zai iya cewa a rage ƙara ba ne kuka tuna da shi?"

"Malama, ai zamani ne ya sauya."

"Zamani ba ya murɗa maɓalli. Hannu ne."

Umma ta ɗaga mini yatsa. Ni so na yi a hana. Sunan nan shi kaɗai ya rage ba su karɓe ba. Amma Umma ta ce, "In babu sunansa, masu gyaran lungu ba za a ba su ko rumfa ba. Nura, ɗauko hoton. Amma Alhaji, ni da kaina zan zo in zauna, in ji ko bi da bi ake yi."

Umma ba ta taɓa taka wurin ba. Ban yarda da 'yan kwamitin ba, amma zan riƙe mata hannu mu je.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa. Allah Ya ba Umma ƙarfin abin da ta ɗauka, Ya shirya mana zuriya. Ni kuma Ya sanyaya mini zuciya, don ni na kasa.