Maganin da Ya Raba Ni da Ɗakin Kaka

Har yau idan na ji cokali yana kaɗawa a jikin kofi, sai hannun kakata ya faɗo mini a rai. A shekarar da na shiga aji huɗu na firamare hannun nan ya fara rawa. Muna zaune a Gwallaga a lokacin, kuma tun da aka yaye ni a ɗakinta nake kwana, a bayanta, ina jin ƙamshin man kaɗe a zanenta.

Ciwon ya shigo a hankali. Tana ci amma tana ramewa, gumi ba ya barin goshinta ko da asuba, idanunta suka firfito, wuyanta ya kumbura. Idan na jingina da ita sai in ji zuciyarta tana bugawa kamar ta wanda ya sha gudu. An sha jiƙo, an sha ƙwayoyi, abin bai lafa ba. Daga ƙarshe likita ya ce maƙoƙon ne yake aiki fiye da kima, sai an kai ta wani babban asibiti can kudu. Babanmu da ƙaninsa, baffanmu mai koyar da kimiyya a sakandare, su suka raka ta.

Da bazara suka dawo, zafi kamar ya fasa kwanon rufi. Na ruga zan rungume ta a zaure, sai Baffa ya riƙe ni da ƙarfi. Kaka ta wuce ta gefena ba ta ko taɓa kaina ba. Aka ware mata kwano da moɗa da buta, har da banɗakin bayan gida ita kaɗai. Aka ce yara kada su shiga wurinta, haka ma innarmu, don tana da tsohon ciki. Aka mayar da shimfiɗata ɗakin Inna.

Kun san unguwa. Kafin la'asar labari ya zaga cewa an ɗura wa tsohuwa wuta a ciki, wasu suka ce irin gubar bam ce. Matan da suka saba shigowa hira suka koma yin sallama daga zaure. Ni kuwa na tabbata mutuwa za ta yi, ana ɓoye mini ne kawai. Na daina cin abinci sosai. Nakan zauna a gindin rijiya ina kallon labulenta, ina jiran in ga ya motsa.

Wata rana ƙanena mai rarrafe ya kuɓuce wa Inna, ya nufi ɗakin. Kaka, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta kurma ihu: “Ku ɗauke shi! Don Allah ku ɗauke shi!” Na sure shi na yi baya da shi. Da na waiwaya, sai na ga ta rufe fuska da mayafi tana kuka.

A ranar Baffa ya zaunar da ni a kan turmi. Ya ce komai na duniya an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, ƙanana da ido ba ya gani, kuma kowace tana da cibiya mai ɗauke da 'ya'ya iri biyu, furoton da niyutoron. Ya ce maganin da Kaka ta haɗiya aidin ne, irin wanda ake sa wa gishiri, sai dai cibiyar wannan niyutoron ya yi mata yawa, don haka ba ta da natsuwa. Can sai niyutoron ɗaya ya rikiɗe ya zama furoton, a take ya harbo wani ɗan mitsitsin abu mai suna elektiron, da gudun tsiya. Wannan harbin shi ake kira beta. Daga nan ƙwayar ta tashi daga aidin, ta zama wani abu dabam.

Ya ce maƙoƙo shi ke zuƙe aidin a jiki, don haka can maganin yake taruwa, kuma abin da ake harbowa ba ya wuce kaurin ƙwayar shinkafa a cikin tsoka. Wurin ciwon kaɗai yake ƙonawa. Ana nesanta mu ne saboda wani haske marar ganuwa da ke biyo bayan harbin, da kuma ragowar maganin da ke fita ta gumi da yawu.

Na ce, “Baffa, yaushe zai ƙare?”

Ya ce, “Ba wanda ya san wace ƙwaya ce za ta harba yanzu. Amma duk mako guda da ɗan kai, rabin abin da ya rage yana gushewa.”

Maimakon in samu sauƙi, sai na ƙara tsorata. Idan kullum rabi ne, ashe akwai saura kenan har abada? Na yi ta juya wannan a raina, har na kai ƙarata bakin labule. Kaka ta yi dariya, karo na farko tun dawowarta, ta ce, “Ƙawata, ni dai na ji zuciyata ta fara tafiya a hankali. Je ki ci tuwo.”

Sai da aka yi ruwan farko aka bar ni na koma ɗakinta. Na kwanta a bayanta ina sauraro, na ji bugun ya daidaita. Inna ta haihu lafiya. Kaka ta ƙara shekaru masu yawa, tana shan wata ƙaramar ƙwaya kowace safiya, har ta ga aurena.

Yanzu an raba gidan, ɗakinta ya koma shagon sayar da kayan waya. 'Ya'yana kowa da gadonsa, kakarsu kuma tana wani gari, ta waya suke gaisawa. Da na ba su wannan labari, tambayoyinsu duk a kan maganin suka tsaya. Ba wanda ya gane dalilin da ya sa 'yar tazarar da ke tsakanin rijiya da labule ta hana ni cin abinci.