Kawu Mai Huhu Ya Ajiye Injin Gurza

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ni ko a cikin 'yan uwana a bayan ƙofa nake zama. Amma da na ga Kawu ya rataye rigar aikinsa, ba abin da aka ce masa sai "Allah ya huta gajiya", na ji in na yi shiru ban kyauta ba.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Ba shi da gareji a bakin titi, ba shi da allon talla. Wani ɗaki ne a bayan gidansa, mai taga ɗaya da bencin katako da ya sha baƙin mai. Da hantsi sai ya buɗe tagar, ya share bencin, ya ɗaure ƙyalle a hanci, ya sa gilashi. Aikinsa guda ɗaya ne: kan inji, wannan murfin ƙarfe da ke saman silinda, wanda bakanikai ke kira hed. A cikinsa akwai hanyoyin da iska da mai ke shiga, da hanyoyin da hayaƙi ke fita. Kawu yakan bi su ya gurje tudu da kaifin da ke tare iska, har injin ya samu numfashi. Shi ya sa direbobi suka sa masa Mai Huhu.

Ba ya fara aiki sai ya zaɓi haƙorin da zai sa a bakin injin gurza. In hed ɗin na alminiyam ne, mai manyan haƙora yake ɗauka, yana ɗan goga masa kyandir don kada ya toshe. In baƙin ƙarfe ne, sai mai ƙanana. Injin nasa ma ba ya gudu yadda ya ga dama, don Kawu ya haɗa masa abin takawa na keken ɗinki. Har yau matarsa ba ta yafe ba.

"Ɓarawon feda," in ji ta, duk lokacin da ta kawo masa ruwa.

"Aro na yi, uwargida."

"Aron da ya girmi autarmu?"

Direbobi da yawa sun shaida abin da ke haɗa shi rigima da masu kawo aiki. Hanyar hayaƙi yakan goge ta da sanfefa har ta yi sumul, don kada baƙi ya kama. Ta shigar iska kuwa yana barin ta da ɗan kaushi, wai in ta yi santsi mai yana taruwa a jikin bango maimakon ya bi iska. Wani mai tasi ya taɓa leƙawa ya ce bai ga ƙyalli ba. Kawu ya ce, "Ɗana, in fuskarka kake son gani, akwai madubi a motar." Mutumin ya tafi yana gunaguni, bayan mako ya dawo da abokansa biyu, kowa rungume da hed.

Kai ne, Kawu, ba ka taɓa gurzar abin da idon mai shi zai yaba alhali injin zai wahala ba. Gwani mai aiki a inda ba a gani.

A bana ne Yayana ya kawo hed ɗin motarsa. Tsohuwar bas ce, ita ke ciyar da gidanmu, kuma irin hed ɗinta an daina samunsa ko a wajen masu gwangwan. Ta daina hawa tudun kasuwa sai an sauke rabin fasinja. Kawu ya ɗora gasket, wannan siririyar shimfiɗa mai ramuka da ke hana yoyo, a kan hed ɗin, ya zana iyakar da zai tsaya, ya gama hanyoyi biyu lafiya. A ta uku akwai wurin da bangon ya yi siriri, bayansa hanyar ruwa ce. In haƙori ya ɗan zarce ya huda, ruwa zai shiga inji, hed ya mutu, bas ta kwanta.

Ina bakin ƙofa na kawo wa Yaya abinci. Kawu ya taka fedar, ya kai haƙorin bakin ramin, sai muka ga hannunsa yana rawa. Ya janye, ya huta, ya sake kaiwa. Rawar ba ta daina ba.

Yaya ya ce, "Kawu, ka yi kawai. Hannunka mai rawa ya fi na wasu lafiyayyu."

"Ka bar daɗin baki, abincin uwarka ne a kan bencin nan." Ya ɗauke ƙafarsa daga fedar. "Je ka kira min Gajere."

Gajere tsohon yaron Kawu ne, yanzu da garejinsa da furfurarsa. Sun yi shekaru ba su jituwa, tun da Gajere ya ce hanyar Kawu ta tsufa. Kowa ya san ba ƙaramin abu ba ne Kawu ya aika a kira shi. Gajere ya zo ya tsaya a ƙofa yana sosa ƙeya.

"Maigida, ga ni."

"Shigo, dogon banza. Hannu nake nema, ba baki ba."

Gajere ya zauna a kujerar da ba wanda ya taɓa zama sai Kawu. Ya gurza kaɗan, Kawu ya ce tsaya, ya zura yatsa cikin ramin, idonsa a rufe. "Hagu, kamar kaurin farce." Ya sake gurzawa, Kawu ya sake shafawa. Haka suka yi ta yi har la'asar. Can Gajere ya ce, "Saura ɗan tudu a nan, in share shi?" Kawu ya daɗe da yatsa a ciki, sannan ya ce, "Bar masa. Tudun nan ne ke riƙe da ruwa." Da suka gama, Kawu ya cire fedar da kansa ya miƙa wa matarsa, sauran kayan kuma ya tura gaban Gajere. A yammacin aka ɗaura hed ɗin.

Kawu, na gode. Kai ne ka fi son a ce ka gaza da a ce ka ɓata. Ka haɗiye girman kai a gaban yaronka don kada tukunyarmu ta sauka daga wuta. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka ci albarkar hannunka. Ku kuma masu sana'a, ku koyi wannan daga gare shi: ku san inda za ku tsaya, a jikin ƙarfe da a jikin kanku.

Washegarin ɗaura hed ɗin da safe na je gidansa, na ɗauko kujera na ajiye masa a ƙofar gida, inda ake hango tudun kasuwa. Ban gaya masa dalili ba, kunya ta hana ni. Muna nan sai ga bas ɗin Yaya cike da mutane, ta kama tudun tana hawa ba tari ba haki. Kawu ya karkata kunne har ta ƙule.

"Yaron nan ba ya canja giya da wuri," ya ce. Sannan ya juya fuskarsa gefe, ya ce in shiga ciki in kawo masa ruwa.