Addu'ar da Na Sa Aka Yi wa Mu'azu a Lasifika

Shekara bakwai ke nan da aka sauke ƙanena Mu'azu daga mota a hanyar Kaduna, aka shiga daji da shi, bai fito ba. Ba ni da kabarin da zan je in tsaya a kai. In na fita bayan gari na dubi inda itatuwa suka haɗe, na san yana can wani wuri, iyakar sanina ke nan. Mu'azu ma ba sunansa ba ne, ni na laƙaba masa don wannan rubutu. Abin da ya tayar mini da maganar a bana shi ne, 'yarsa ta fari ta ce za ta zo Birnin Gwari ta ga kakarta, kuma ta wannan hanyar da ta ci ubanta za ta biyo. Tun da ta faɗa, abinci ba ya mini daɗi.

Ni malamin firamare ne har na yi ritaya, Mu'azu ne Allah ya buɗa wa a gidanmu. Yana aiki a Legas, a wani kamfanin taki da iri mai rassa a ƙasashe da yawa. Su suka zaɓe shi ya yi karatun da ake yi wa manajoji, na harkar kuɗi da zuba jari tsakanin ƙasashe. In ya zo hutu, mukan zauna a zaure ya yi ta mini bayani. Shi ya fahimtar da ni dalilin da buhun taki ke ƙara kuɗi alhali yana jibge a shago bai motsa ba: dala ce ta motsa a wani gari. Ya ce kamfani yakan ƙulla farashin canji tun kafin lokaci, kamar yadda ɗan kasuwa ke sayen masara tun tana gona. Rabin maganar ban gane ba, amma nakan gyaɗa kai, gobe in kai ta majalisa da ƙarin gishiri. Baki ne da ni, kowa ya sani, ni ma na sani.

Darasin da ya fi so shi ne na auna haɗarin wuri. Ya ce kafin kamfani ya sa ko kwabo a wata ƙasa, ba jawabin manya yake saurare ba. Dubawa yake ko 'yan ƙasar da kansu suna sa dukiyarsu a gida, ko fitar da ita suke yi a ɓoye. Ya kuma ce mini duk sa'ad da zinariya ta yi tsada a kasuwannin waje, ramukan haƙa za su ƙaru a dajinmu, bindiga kuma ta biyo ramin. A lokacin an riga an fara tare hanya, ƙauyukan da ke kewaye da mu sun fara kwana da takalmi a ƙafa. In zai yi irin wannan magana sai ya rage murya, ko da mu biyu ne kawai.

Da ya kammala karatun, ya zo gaida Inna, mahaifiyarmu. A motar haya ya zo, cikin wani kaftani da ya koɗe, kai ka ce bashi ya zo nema. Ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, don Allah kada a yi komai. In gaida Inna, in kwana uku, in koma." Raina ya ɓaci ƙwarai. A unguwarmu, in Allah ya yi wa gida alheri, ana kai goro masallaci ranar Juma'a, a ba ladan, ya faɗi dalili, liman ya yi addu'a, jama'a su shafa. Wanda ya ƙi, ana cewa ya yi wa Allah butulci, ya yi wa maƙwabta rowa. Mahaifinmu ya yi mini ranar da na sami takardar malanta. To ni da nake a madadin uba, in bar babban karatu irin wannan ya wuce kamar an saci akuya? Na tafi na sayi goro.

Da na tsaya a goro da an tsira. Amma malami ne ni, sai da na rubuta wa ladan abin da zai faɗa, kada ya rage. Na sa sunan Mu'azu da na mahaifinmu. Na rubuta cewa ya gama karatun kuɗin ƙasa da ƙasa, kuma daga yau shi zai riƙa juya dalolin Turawa. Wannan na ƙarshen ni na ƙirƙira, don ya yi daɗin ji. Ladan ya karanta a lasifika, wadda ake ji har tasha, har bakin kasuwa. Mu'azu yana gefena a sahu, bai ɗaga kai ba har aka shafa.

A hanyar gida ya ce, "Yaya, ai ba kuɗina ba ne. Ni direba ne, motar ta wasu ce." Na ce masa ya cika tsoro, boko ya cinye masa zuciya, addu'a ba ta kashe kowa. Ya dubi mutanen da ke tsaitsaye a bakin shaguna suna mana barka, ɗaya bayan ɗaya, kamar yana neman wata fuska.

Ranar Lahadi da hantsi, a hanyarsa ta komawa, 'yan bindiga suka tare motarsu. Cike take da fasinja, amma sunansa suka kira, shi kaɗai suka sauke. Da suka bugo mini waya, maganata suka maimaita mini, kalma bayan kalma: a kawo dalolin da yake juyawa. Na rantse musu albashi yake ci kamar kowa, suka ce ƙarya nake, ai a masallaci aka faɗa. Muka sayar da gonar gado ta wajen Damari, da shanun Inna, kamfaninsu ma ya yi abin da zai iya. Duk abin da aka kai sai su ce somin taɓi ne. Mu'azu yana da ciwon suga, maganinsa kuma yana cikin jakar da aka bari a mota. Wata rana waya ta daina shigowa. Wani da aka sako daga baya ne ya zo har gida ya yi mana ta'aziyya.

Yanzu ana cewa an yi sulhu da 'yan bindigar. Kasuwa ta buɗe, manyan motoci suna lodin hatsi, wasu sun koma gonakin da suka bari. Na gode wa Allah, ba na fatan a koma baya. Har wasu baƙi ake gani cikin motoci masu baƙin gilashi, suna tambayar filayen da ake haƙar zinariya, wai zuba jari za su yi. Nakan tambayi kaina, da Mu'azu na nan, me zai ce? Na san ba zai saurari jawabi ba, zagaya gari zai yi. Zai ga wanda ya sami kuɗi yana gyara cikin gida, ya bar katangar waje da zanen ruwa. Zai ga mai sabon babur ya shafa masa taɓo kafin ya fito da shi. Zai ga ladan ya daina karɓar takarda, goro kawai ake miƙa masa a ce a yi addu'a bisa wata buƙata. Mutanen da suka fito daga daji muna cin kasuwa tare, muna gaisawa. Kunnen da ya ji sanarwata ya kai ta can yana cikin garin nan har yau, ban san na wane ne ba. Wataƙila na ba shi goron da hannuna.

Me ya rage na Mu'azu? Gonar ta tafi. Takardar shaidar karatun tana ƙasan akwatin Inna, babu mai kallonta. 'Yarsa ce ta rage. Ta kwashe littattafansa, ta karanci abin da ya karanta, yanzu wani kamfani irin nasa ya ɗauke ta. Ba zan faɗi sunanta ba, ba zan faɗi garin da take ba. Ban gaya wa kowa a majalisa ba, kuma wallahi azumin bazara bai kai wannan shirun wuya ba. Ga shi duk da haka na kawo maganar jarida, ku ga yadda hali yake.

Inna ta kwanta tun damina, ba ta tashi, sunan yarinyar kawai take kira. Makon jiya na buga wa yarinyar waya na roƙe ta kada ta zo, na ce zan riƙe wa Inna wayar su yi magana. Ta saurare ni har na gama, yadda ubanta yake yi. Sannan ta ce, "Baba, na auna komai. Na san motar da zan shiga, na san kayan da zan sa, na san kwana nawa zan yi. Zan zo in ga Inna."

Na ce to ta faɗa mini ranar, in tsaya mata a tasha.

Ta ce, "Ka yi haƙuri, Baba. Kai ne ba zan faɗa wa ba."

Shekara bakwai ina zaton ba ta san ni na sa aka yi sanarwar ba. Babu tsawa a muryarta, babu kuka, har ta tambaye ni ciwon ƙafata kafin ta ajiye waya. Na so in yi fushi, na rasa a kan me. Daidai ta yi, kuma abin da ubanta ya roƙe ni ke nan na hana shi.

Ban san ko gobe ce ko jibi ba, ko ma tana kan hanya yanzu da nake rubutun nan. Duk motar da ta shigo daga Kaduna sai in bi ta da kallo. Jiya da safe na tarar da matata tana share ɗakin baƙi, ta shimfiɗa sabon zanen gado. Da ta ji takuna, ta jingine tsintsiya ta ce kaji ne suka ɓata wurin. Na ce mata to, na juya na fita.