Shaidar da Baba Farfesa Ya Bayar

Bilyaminu Bube malamin gona ne a Taloka ta ƙasar Goronyo, kuma shekara tara ke nan yana bin ruɓaɓɓiyar albasa kamar wanda aka yi wa asiri. Duk damina ya ga manoma suna zubar da rabin abin da suka ajiye, sai ya tsuguna ya yanka, ya shinshina, ya rubuta a littafi. Littattafan nan sun cika kwali biyu. Matarsa Habi takan ce da albasa tana da baki, da tuni ta kai ƙararsa.

Burinsa ɗaya ne, ya samu gurbin digiri na biyu da tallafi, ya gano abin da ke ruɓar da ita. Sau huɗu yana nema, sau huɗu takardar shaidar malami tana kayar da shi. Wani malamin ya ce masa ya rubuto da kansa shi ya sa masa hannu, wani ya yi alkawari ya manta har aka rufe. Ya yi sintiri tsakanin Goronyo da Sakkwato har direbobin Achida suka san shi da suna. Ya gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta. Bana kuma shekarunsa talatin da biyar, iyakar da masu tallafin suka yanka.

Shaidar malami ɗaya suka nema. A ransa Dakta Mahbuba yake so, wadda ta duba aikinsa na ƙarshe a jami'a. Sun sha gardama, har wata rana ya nuna mata kuskure a lissafinta, ta yi dariya ta gyara. Amma akwai Farfesa Maccido, aminin mahaifinsa marigayi, wanda ya ba shi ɗaki a gidansa shekara huɗu, ya kuma koyar da shi darasi ɗaya a aji biyu. Da mahaifiyarsa ta ji zancen, sai ta tambaye shi da wane ido zai dubi dattijon idan ya ji an tsallake shi an je wurin yarinya. Bilyaminu ya sa sunan Farfesa.

Shi kuwa tsohon bai yi nawa ba, kwana uku ya aika. Ranar Juma'a ya kira Bilyaminu gidansa na Wurno, ya sa tabarau, ya ɗauko kwafin yana murmushin wanda ya yi abin kirki. Ya karanta cewa yaron ɗan mutunci ne, mai haƙuri, ba ruwansa da kowa. Albasa ba ta fito ko sau ɗaya ba. Sai ya zo kan tambayar da masu tallafin suka ba fili mafi girma: a kawo lokacin da ɗalibin ya ƙalubalanci ra'ayin malaminsa da hujja.

"Ka ga tarkon da sunka ɗana maka?" in ji Farfesa. "So sukai in ce kana da gardama. Nic ce musu shekara huɗu kana gabana, ba ka taɓa musa man ba, ko tambaya ba ka taɓa yi ba. Mi za su ce kuma?"

Bilyaminu ya san ɗalibi mai iya musu da hujja tambayar take nema, ya kuma san takardar ta riga ta tafi. Maganar ta zo masa har baki. Ya ɗaga kai ya ga fuskar tsohon cike da jin daɗi, yana jiran godiya.

Ya sunkuyar da kai.

"Allah shi saka da alheri, Baba," ya ce. "Ta yi daidai."