Matatar Ruwan Kifayen Baba

A shekarar da ɓarin jikin Baba ya shanye ne kifi ya fara shigowa gidanmu da ransa. Kafin nan duk kifin da ya shigo, ko banda ne a ƙunshe cikin takarda, ko soyayye.

Mahaifina manomin rani ne. Ya fi shekara talatin yana noman tumatir da tattasai a wata fadama ta wajen Danja, har safiyar da hawan jini ya kayar da shi a bakin kwalbati. Da aka sallamo shi daga asibiti sai na dawo da shi da Mama gidana a Funtua, inda nake koyar da kimiyya a wata makarantar sakandare. Hannun dama ya ƙi ɗaguwa, ƙafa yana jan ta, magana kuwa ta koma kalma ɗaya ko biyu a yini. Likita ya duba ya ce harshen lafiya lau yake, mai harshen ne bai ga dama ba. Haka zai wuni a kujerar falo yana kallon bango.

Yayata da ke aure a Kaduna ta karanta a waya cewa kallon kifi yana saukar da hawan jini. Ba ta shawarci kowa ba. Wata Asabar sai ga ta da akwatin gilas mai tsawon kamu biyu, da buhun tsakuwa, da kifaye huɗu jajaye a cikin leda. Ta sa aka ɗora akwatin a kan teburin da ke fuskantar kujerar Baba, ta cika shi da ruwa, ta saki kifayen, ta ɗauki hoto. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci ta koma Kaduna.

Makon farko abin gwanin sha'awa. Matan zumunta da suka zo gaishe da Baba suka kewaye akwatin. Wata dattijuwa ta daɗe tana dubawa, sannan ta tambaye ni wata nawa suke yi kafin su isa ci. Na ce ba a cin su. Ta ce, "To, Allah ya ba da lada."

Kafin mako na uku ruwan ya koma kamar wanda aka wanke tukunyar miyar kuka da shi. Kifin ma ba a ganinsa, sai dai wani ja-ja ya gifta. Duk bayan kwana uku nakan kwashe rabin ruwan da bokiti in zuba sabo, bayana ya riƙe, kwana biyu kuma ya sake yin kore. Baba dai ya ci gaba da kallonsa kamar yadda yake kallon bango.

Na karɓi lambar mutumin da ke sayar da kayan kifi a Kano daga wajen Yaya. Ya saurare ni, ya ce, "Hajiya, matatar ruwa kike bukata." Ban gyara masa Hajiyar ba. Ya jero mini iri-iri, na ce ya tsaya, wacce ta fi araha? Ya ce akwai wata mai kamar bokiti, a wajen akwatin ake ajiye ta, tiyo ɗaya ya janyo ruwa cikinta, ta tace, ɗaya tiyon ya mayar. Ya ce ko yaro zai iya haɗa ta. Ya ba wani direba, na je tasha na karɓo kwalin, mai napep ya kawo ni gida.

Ranar Asabar bayan abincin rana na shimfiɗa tabarma a falo na zazzage kwalin. Wata roba ce ruwan toka, kamar ƙaramar kular abinci, injin yana cikin murfinta, da maƙalai huɗu. Ga tiyo biyu koraye, ga wasu lanƙwasassun bututu, ga 'yan famfuna biyu na buɗewa da rufewa. A ciki akwai kwanduna uku, ɗaya da siririn soso, biyu ba komai. Takardar bayani da rubutun Sin take, sai zane-zane da hoton wani kifi yana murmushi.

Na bi zanen yadda na fahimce shi. Na ɗora matatar a kan tebur kusa da akwatin, don a nan ta fi kyau. Na soka tiyo a nan, na soka a can, na jona wuta. Ta ɗauki ƙara kamar injin niƙa da aka manta ba a zuba masa hatsi ba. Ko ɗigon ruwa bai motsa ba. Na kashe, na sauya tiyon, na kunna. Ƙarar dai ita ce. Ni ce fa duk shekara nake zana wa ɗalibai yadda ruwa ke bin tiyo daga sama zuwa ƙasa, har in ba su maki a kai.

A karo na huɗu sai na ji daga bayana an ce, "Iska."

Mama, da ke tsintar shinkafa a bakin ƙofa, ta ajiye faifai ta tashi za ta kunna masa fanka.

"Ba fanka ba," in ji Baba. "Injin. Iska ya sha. Kashe shi kafin ki ƙona shi."

Rabonsa da magana mai tsawon haka wata biyu ke nan. Mama ta tsaya da hannu a kan makunni, ta dube ni, na dube ta. Muka yi kamar ba mu lura ba, don mun san halinsa, in aka nuna an lura zai iya komawa shiru har Kirsimeti.

"Sauke shi ƙasa, Malama."

Ba ya ce mini Malama sai na yi shirme. Na sauke matatar ƙarƙashin tebur. Ya nuna tiyon da sandarsa, ya ce sun yi tsawo, sun yi ciki, a nan iska ke kwanciya. Na ɗauko wuƙar kicin, ya dangwala sanda inda zan yanka, na yanka. Ya sa na tsoma bakin tiyon a ruwan zafi don ya yi laushi ya shige da kyau. Wannan babu shi a zanen.

Ya ce in buɗe murfin ya gani. Ya leƙa kwandunan nan biyu da ba komai, ya ce me ake zubawa? Na sake kiran mutumin Kano. Ya ce ai wasu fararen zobba ne masu ƙananan ƙofofi, daban ake sayensu, ya manta bai faɗa ba. A jikinsu ne wasu ƙwayoyin halitta ke zama suna cinye ƙazantar kifin. Na maimaita wa Baba. Ya juya wajen Mama.

"Randar nan da ta fashe, kin zubar?"

Mama ba ta zubar da komai. Tana bayan ɗaki. Na farfasa tsingaron da taɓarya, muka wanke, muka tafasa shi a tukunyar tuwo, ya huce, na cika kwanduna biyu. Na rufe murfi, na danna maƙalai.

"Yanzu kama wanda ke mayar da ruwa," in ji Baba. "Sa a baki. Zuƙa."

"Baba, da baki?"

"Da me nake yi a fadama?"

Na durƙusa na zuƙa. Na ji ruwa ya taso daga akwatin, ya gangaro, yana ɓulɓul cikin robar. Daɗi ya kama ni, na ci gaba da zuƙa. Ban san robar tana cika da sauri haka ba. Ruwan kifi na mako uku ya cika mini baki har hanci. Ba zan kwatanta ɗanɗanonsa ba. Na ruga tsakar gida ina tofarwa, na kuskure baki da gishiri, na dawo ido ya yi ja.

"Cewa na yi ki zuƙa," in ji Baba. "Ban ce ki sha ba."

Mama ta juya baya, kafaɗunta suna rawa.

Ban gama goge fuska ba na ji sanyi a ƙafa. Ruwa ne ke tsiyaya ta gefen murfin, ko'ina, ya jiƙa tabarma ya nufi ƙarƙashin kujera. Na rufe famfunan. Baba ya ce a sake buɗewa. Ya sa yatsan hagu ya bi wani siririn rami da ya zagaye bakin murfin.

"Ina robarsa?"

Na ce wace roba? Ya ce babu injin ruwan da ake rufewa ba roba. Na zazzage kwali, na ɗaga tabarma, na duba ƙarƙashin tebur. Can Mama ta ce, a hankali, ko wata baƙa ce mai kamar awarwaro? Ta gan ta a yashe, ta ɗauka ba ta da aiki, ta ɗaure bakin ledar abincin kifi da ita.

Baba ya ce a shafa mata man kaɗanya, kaɗan. Ya ce a miƙo masa murfin, shi zai sa. Na ɗora masa a cinya. Da hannu ɗaya yake tura robar cikin ramin, murfin yana zamewa. Na miƙa hannu zan riƙe masa, ya harare ni. Sai ya kama hannunsa na dama da na hagu, ya ɗaga shi, ya aza a kan murfin ya danne. Haka ya bi da robar har ta zagaye. Ya ɗauki lokaci. Mama ta koma kan shinkafarta tana tsintar wadda ta riga ta tsince.

Muka rufe, na buɗe famfo, matatar ta cika, ba ɗigo ko ɗaya. Na miƙe, na goge hannu a zane, na kai hannu ga makunni. A daidai nan aka ɗauke wuta.

Muka zauna mu uku muna kallon matatar. Har rana ta faɗi ba a kawo ba.

Washegari Lahadi ni da Mama muka tafi coci muka bar shi a kujerarsa, da ruwan sha da rediyo a kusa, kamar kullum. Tun da ya kwanta bai yarda an kai shi ko'ina ba. Da muka dawo wajen ƙarfe ɗaya, tun daga ƙofa na ji wani siririn sauti. Kujerar ba kowa. Na waiga ina nemansa. Sai na gan shi zaune a kan 'yar kujerar tsakar gida ta Mama, a gindin tebur, kunnensa kusa da matatar. Ruwa yana fita ta bututun sama, yana kaɗa fuskar ruwan akwatin.

Daga kujerarsa zuwa nan taku bakwai ne, na ƙirga daga baya. 'Yar kujerar kuma a bakin ƙofa muka bar ta.

"An kawo wuta," ya ce. "Da sauran iska a ciki. Na jijjiga shi ya fita."

Mama ta ajiye jakarta ta ce, "To, sannu." Ta shiga kicin. Ta daɗe ba ta fito ba, kuma ban ji motsin tukunya ba.

A kwana na huɗu ruwan ya washe, har ana ganin tsakuwar ƙasa ɗaya bayan ɗaya. A nan ne na ga kifaye uku ne. Na duba bayan bututu, na duba ƙasan tebur. Mama ta jawo ni kicin ta rage murya. Ta ce kwana goma ke nan ta tarar da ɗaya ya juya ciki sama, ta kwashe shi da ludayi tun Baba bai fito ba, ta binne a gindin zogale. Ba ta so ya gani ya sa wani abu a ransa. Ta ce kada in faɗa masa, in kira Kano a aiko da wani mai kama da shi.

Daga falo Baba ya ce, "Mai baƙin wutsiya ne. Ranar Litinin. Ku bar su uku, ruwan bai isa huɗu ba."

Daga ranar matatar ta zama tasa. Da safe kafin ya sha koko sai ya dafa murfin ya ji ɗuminsa. Mutumin Kano ya ce in ta daɗe a kashe ruwan cikinta yana lalacewa, mu kuwa wutarmu ba ta da alkawari. Muna da 'yar sola da ke juya fanka ɗaya. Baba ya ce a cire fankar a jona matatar. Watan Afrilu ne. Muka yi ta fifita da murfin kwali, kifaye suna shawagi cikin ruwa mai sanyi.

Da wata ya cika ya ce lokacin wanki ya yi. Mama ta ɗauko garin sabulu da soson ƙarfe, ya daka mata tsawar da na yi zaton ta tafi tare da hannun dama. Ya ce a ruwan akwatin za a ɗauraye soson, sau biyu kawai, tsingaron kuma kada a taɓa shi. Mama ta ce a rayuwarta ba ta taɓa ganin an wanke abu da ruwan dattinsa ba. Ya ce yau ta gani.

Da muka koma asibiti likita ya ce jinin ya sauka, ƙafar ma ta yi ƙarfi. Yaya ta bugo waya ta ce ai ta faɗa. Ban yi mata musu ba. Ni dai ban taɓa kama shi yana kallon kifin ba, kullum idonsa a kan bututu yake, yana duba ƙarfin ruwa.

Matatar ta yi shekara biyu da 'yan watanni. Wata Talata da hantsi ta yi tari sau biyu ta tsaya. Baba ya sa aka kwance ta, ya ciro wata 'yar farfela daga cikin murfin, ya ɗaga ta a haske, ya ce ta cinye. Na ce ko mu sayi mai tsada wannan karon? Ya ce a'a, irinta za a kawo, ya riga ya san halinta. Da sabuwar ta iso shi ya haɗa ta, daga tiyo har roba. Ni aka ba ni kwano in tara a ƙasa ko da za ta yi yoyo. Ba ta yi ba.